Yadda Za Ka Karɓi Albarkar Mami Kafin Jirgi Ya Tashi

Kai da za ka tashi daga Santiago zuwa New York, matso kusa. Ni Radhamés, sau goma sha ɗaya na bi hanyar nan, sau goma na tashi da albarkar mahaifiyata a kunne. Ka san iyayenmu: ba sa cewa "Allah ya yi maka albarka" sai sun gama duk maganar da ke bakinsu, ma'aikatan jirgi kuwa so suke ka kashe waya. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci ba za ka hau sama haka nan ba.

1. Nemi kujerar taga

Ta bakin hanya ta masu gaskiya ce. Manna wayar tsakanin kunnenka da gilashi, ka yi kamar kewar gida ce ta karya maka wuya.

2. Kada ka roƙa da wuri

In ka ce "Mami, sa mini albarka" tun farko, za ta gane sauri kake yi, ta ƙara minti goma. Bar ta ta tambaya ko ka naɗe salami, naman guzurinka, da kyau, da dalilin da ya hana ka zuwa gaida gwaggonka. Amsa ɗaya ce: "To, Mami."

3. Gyaɗa wa ma'aikaciya kai

Za ta ce waya tana iya sa ƙara a kunnen matuƙi yana magana da masu ba shi hanya, kuma lokacin tashi ana son hankalin kowa. Kada ka ce "ai waya ɗaya ce." Mu ɗari da tamanin ne a ciki, kowa da uwarsa a layi.

4. In an kama ka

Ni bara wata ma'aikaciya, Yudelka, ta kama ni.

"Yayana, wuyanka ne ke magana?"

"Addu'a nake yi."

"Addu'ar ce ke tambayar salami?"

Tsohon da ke gefena ya ce, "Kashe mana, ɗan nan! Ka ga mai uwa, mu a kasuwa aka tsince mu?"

Gaskiya na tsorata. Ban taɓa tashi ba albarka ba. Yudelka ta karɓi wayar ta ce, "Doña, ranki ya daɗe, ɗanki ya tsayar da jirgi."

Har daga kujerata na ji Mami: "Radhamés? Ba haka na rene shi ba! Ke 'yata, Allah ya yi miki albarka, da ke da matuƙi da sauran bayin Allah. Shi kuwa ya sauka tukuna."

Ƙit, ta kashe.

5. Raɓu da masu rabo

Jirgin da ke ɗauke da masu albarka ɗari da saba'in da tara ba zai faɗi saboda mutum ɗaya ba. Da wannan na lallashi kaina sa'a uku da rabi, ina riƙe da hannun tsohon, yana zagina. Da muka sauka aka tafa kamar kullum, babu wanda ya kai ni.

Gargaɗi: in an sauke ka daga jirgi, ko an tsine maka a gaban jama'a, ba ruwana, ban san ka ba. Ni ma tawa ta ishe ni. Shekara guda ke nan, duk sanda na ce "Mami, sa mini albarka," sai ta ce, "Yaya Yudelka?"