Ranar da Na Gyara Rufin Soro

Ɗis, ɗis, a kan murfin tukunya. Da haka abin ya fara, a ɗakin da muke ajiye buhun geronmu na ƙarshe. Maigida ya tafi kasuwar Magariya, hadari kuma yana sake haɗuwa.

Ni a gidan kwano na tashi, aure ne ya kawo ni soron ƙasa a garin Waca. Amma na yi lakwal, karatun boko har kwaleji, na san ruwa ba ya shiga sai ta rami. Na kwaɓa laka, na yi bisimilla, na hau tsani. Can a gefen rufin sai ga rami ƙato, hannu ma zai shige. Har tausayin mutanen gidan na ji, shekara da shekaru ba wanda ya lura. Na cika shi, na shafe sumul, na sauko ina hamdala.

Bayan la'asar aka kece da ruwa. Surukata ta ɗaga kai ta dubi indararo, ko ɗigo ba ya zubarwa. Ta ce, "'Yar nan, wannan yau azumi yake?"

Ashe bakinsa na toshe. Ruwan ya taru a sama, ya biyo azara, ya sauka kan geron. Kwana uku muna shanya, rabi ya yi tsiro.

Maigida bai yi faɗa ba, maƙwabta dai har yau Sarkin Magina suke kirana. Jiya da hadari ya taso, ɗiyata ta riƙe mini zane ta ce, "Inna, ki yi addu'a kawai, kar ki gyara komai."