Cigiyar Matsakaicin Fasinja

Zuwa ga Mai Girma Manaja,
Kamfanin Fito na Tsallake-Lafiya,
Yauri.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga na sama da shi, da barka da samun sabuwar jiha, ina taya ka murnar kwamfutar da muka ji kamfani ya sayo, da masanin lissafin da aka ɗauko yana kiwonta. Ni ce Tabawa, mai noman albasa a Tungar Cindo, tsallaken ruwa. Ina rubuto maka ne zaune kan buhunana a bakin gaɓa, inda suka yi kasuwa biyu suna jiran jirginka.

Na ɗaya. Da can babban jirgi ke zuwa ranar kasuwar Yauri ya kwashe mu da kayanmu. Mamman direba ya ce masanin ya tara fasinjojin mako, ya raba su bakwai, ya gano matsakaicinsu goma sha biyu ne a kullum. Shi ne aka sayar da babban, aka sayo ƙarami mai cin goma sha biyu cif. Madalla da wannan basira! Yanzu sauran ranakun mako jirgi na zuwa ya koma da Mamman shi kaɗai, ranar kasuwa kuwa mu tamanin da 'yan kai muna tsaye muna kallonsa. Shin mu ma raba kanmu za mu yi, ƙafa ta tafi Litinin, kai ya biyo Talata?

Na biyu. An ce matsakaicin fasinja rabin buhu yake ɗauka, don haka ba a loda wa kowa fiye da haka. Mun yi cigiyar wannan bawan Allah. Mun tambaya a masallaci, maƙwabcina Ishaya ya tambaya a coci, masunta sun duba har tsibirai. Ba wanda ya san gidansu. Mu nan, ko dai mai buhu goma, ko mai zuwa gaisuwar rasuwa hannu rabbana. In a ofishinku yake kwana, a gaishe shi.

Na uku. Mun ji ribar kamfani ta hau, don ƙaramin jirgi ba ya shan mai sosai. Gaskiya ne. In ma aka ɗaure shi gaba ɗaya, ko ɗigo ba zai sha ba. Yaya aka yi wannan dabara ta wuce kwamfuta?

Na huɗu, kuma nan ba wasa. Albasa ba ta san lissafi ba. Rana ta dake ta, raɓa ta jiƙa ta, ta fara tsiro da wari. Ita ce noman ranina duka, ita ce hatsin gidana har kaka, kuma tun rasuwar maigidana ni ce uwa ni ce uba. Wallahi abin nan na ci mini rai. In kasuwa mai zuwa ta wuce ni, sai dai in juye ta a ruwa. Roƙona ɗaya ne, a yi mana hayar babban jirgi ranar kasuwa kawai.

Na ba Mamman rabin buhu ya kawo maka tsaraba, tunda iyakar abin da dokarku ta yarda ke nan. Na ƙasan sun ruɓe, na saman lafiyarsu ƙalau. Don Allah kada uwargida ta wahalar da kanta da tsincewa, a yanka duka a miya. A lissafinku, albasa ce matsakaiciya.

Taka mai biyayya, gwiwa bibbiyu a ƙasa,

Tabawa Magaji,
Tungar Cindo, Ngaski.