Ranar Shari'ar Mai Aski

"Lafiya lau na kwana, amarya. Da na san ke ce da na ce ba na nan."

Tsohon mai aski ne ke amsa gaisuwar jikarsa, yana zaune a shagonsa yana goge almakashin da bai taɓa gashin kowa ba tun safe. Watannin baya 'yan sanda suka ɗauke shi yana tsakiyar aiki, wai wani da suke nema ya taɓa yin aski a wurinsa. Suka tsare shi kwana da kwanaki ba tuhuma, suka sake shi ba ko sannu. Ita jikar ce ta ja shi wurin lauya ya kai 'yan sandan ƙara, kuma yau ne za a saurare shi. Idan bai je ba, ƙarar ta mutu.

"Ango, tashi ka saka takalmi. Alƙali ba zai jira mai furfura a hanci ba."

"Ba inda za ni. Na bar su da Allah."

"Allah ya ce tashi in taimake ka. Kai kuwa ka manne a kujera kamar ƙaska."

"Ji mara kunya. Da wannan bakin naki mai kama da murfin tukunya wa zai aure ki in ban da ni?"

"Ni ma na fasa. Ba na auren tsohon ɗan sel."

Wannan ta taɓa shi, don sai da ya ajiye almakashin.

"To kin ji da bakinki. Haka unguwa ke cewa. So kike in je in tsaya gaban jama'a in ce an cire mini hula da riga, an kwantar da ni a siminti, sannan in miƙa hannu a biya ni? Mutuncina ba tumatir ba ne da za a yi masa farashi."

"Wa ya ce sayarwa za ka yi? Dubi bencin nan, Kaka. Da har waje ake layi. Yanzu wa zai miƙa wuyansa ga wanda ya ga an jefa a bayan mota? Cinikin da suka kashe maka shi za su mayar. Kuma ranar da alƙali ya ce su biya, ranar ce unguwa za ta san waye mai laifi. Hukuma ba ta biyan ɓarawo."

"Sannu lauya. A ina kika yi karatun, a gindin murhu?"

"A nan shagon. Kai ne mai yi wa mutane huɗuba kana musu aski, kada su bar haƙƙinsu. Ashe wanzami ba ya son jarfa."

Tsoho ya yi ƙwafa, ya kau da kai.

"Har mutumin da ka bari da rabin kai ranar da aka kama ka ya riga mu tafiya, zai ba da shaida. Ya ce shi ma a biya shi ɗaya rabin."

"Wannan ai gyara na yi masa. Rabin da na aske ya fi duk fuskarsa kyau."

"Ka san kuma shekaranjiya sun ɗauke mai walda na bayanka? Har yanzu matarsa na yawon nemansa. Muddin kamun banza kyauta ne, ba za su daina ba. In ya taɓa musu aljihu, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah."

Tsoro yake ji, ita ma ta gani, amma ba ta tausasa ba.

"In muryata ta yi rawa a gaban alƙali fa?"

"Ta yi rawar, ni zan yi mata kiɗa. Magana dai sai ka faɗa."

Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya laluba aljihu ya zaro alewa guda ya cusa mata a hannu.

"Ungo sadakinki, jarababbiya, kin ci ni. Rufe shagon mu tafi, kuma ki yi gaba kada a ce tare muke."