Ranar da Motar Baba Ta Yi Baya

Baba, Allah ya jiƙansa, ya bar mini tsohuwar motarsa ƙirar kunkuru a Agege, aksul ɗinta na baya, wato ƙarfen da ke juya tayoyi, duk ya cinye. Na yi wa Inna alkawari da ita zan ɗauko ragon layya daga kasuwar Alaba Rago, kamar yadda Baba ya saba yi. Makaniki kuwa na ce ba na bukata, ni da nake malamin allo, wanda ya iya jera baƙi da wasali ai ƙarafa ba za su gagare shi ba.

Na kwance komai, na rubuta "dama" da ajami a jikin babban faifan haƙoran da ke cikin aksul ɗin don kada in juya shi wajen mayarwa. Sannan, saboda tsabta, na wanke shi tas da kananzir, rubutun ya bi. Haka na mayar da shi da ka.

Ranar gwaji unguwa ta taru. Na yi bisimilla, na sa giya ɗaya. Sai mota ta yi baya, ta faɗa kwandunan tumatir na maƙwabcina Alhaji Sani.

Ya ce, "Oga Malam, ita ma ajami ka koya mata, ta baya take farawa?"

Inna ta ce, "Ai ta motsa, ɗan nan, saura ta gane gabanta."

Na sake kwancewa na juya faifan, rago ya iso gida lafiya. Amma har yau ina tayar da ita sai ka ji an ce, "Jama'a, a koma gabanta, can ne babu haɗari!"