Balaguron Mai Shafin Abinci

Wani ne yake rubuta shafin abinci da tafiye-tafiye a wata jarida. Ya shekara da shekaru yana ba mutane labarin garuruwa masu nisa, alhali shi ko shataletalen ƙarshen gari bai taɓa wucewa ba. Mota ce ba ya so, da ta motsa sai cikinsa ya juya. Tasha yake zuwa ya zauna da direbobi, su yi ta zuba yana kwashewa, ya koma ofis ya ƙara gishiri.

Rannan dubunsa ta cika. Ya rubuta yadda ya ci kifi a bakin teku a wani gari da ko rijiya sai an sha haƙa. Mutanen garin suka yi ta bugo waya. Edita ya kira shi.

"Gobe za ka hau mota ka je da ƙafarka. Ka ci da bakinka, ka gani da idonka. In ba haka ba, ka kwashe kayanka daga tebur."

Da safe matarsa ta haɗa masa jaka kamar mai barin ƙasa, har da bargo da tocila. Ya biya kantin magani ya sayi maganin hana amai a mota. Mai kanti ya ce, "Ƙwaya ɗaya tak, tana sa barci." Mutumin naku ya ce a ransa, tafiya mai nisa ai ba a yi mata rowa. Ya watsa uku.

Kafin mota ta fita daga tasha ya fara minshari. Ba su yi nisa ba injin ya buga. Fasinjoji suka sauka suka canza mota. Aka girgiza shi, aka yayyafa masa ruwa, ko gezau. Haka aka jawo motar da shi a ciki zuwa wani gareji a bayan gari.

Sai da rana ta karkata ya farka. Ya leƙo ta taga ya ga makanike a ƙarƙashin mota.

"Malam, mun iso?"

"Tun ɗazu."

Ya saɓa jaka ya fito yana baza ido. "Ikon Allah! Ka ga gari. Iskarsu ma daban take."

Ya samu wani gidan abinci ya zauna. Da mai abincin ta zo, sai ya shiga yi mata magana a hankali, da ƙarfi, yana nuna bakinsa da yatsa.

"A-bin-ci. Ci. Kin gane?"

"Malam, lafiyarka kuwa? Shinkafa da kaza ko da kifi?"

Ya dafe ƙirji. "A ina kika koyi harshenmu haka?"

"A bakin uwata."

"Ashe ita ma ta yi yawon duniya."

Ta dire masa faranti. Ya ci, ya suɗe, ya nemi ƙari.

"Baiwar Allah, hannunki da albarka. Mu a garinmu ba a iya girki ba. Akwai wata a bayan gidan mai, na taɓa rubutawa a jarida cewa miyarta da ruwan wanki uwarsu ɗaya ubansu ɗaya."

Matar ta tsaya cak. "Ka ci abincin nata?"

"Allah ya kiyaye! Wani direba ya gaya min."

"Bayan gidan mai, ka ce? Mai koriyar ƙofa?"

Ya waiga ya dubi ƙofar, ya yi dariya. "Kai, mutanen garin nan! Har ƙofar kun kwaikwaya?"

"Wata uku ina neman ka, sai yau Allah ya kawo min kai har gida!"

Ta zaro ludayi daga tukunya. Mutumin naku ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ya bar bargo, ya bar takalmi ɗaya, miya na bin ƙeyarsa. Yana gudu yana mamaki: wane irin zumunci ne wannan, a zagi mai abincin wani gari, ta nan ta ɗauki faɗan?

Ya yi ta kurɗawa lungu-lungu har ya ɓullo wani babban titi. Ya jingina da turken fitila yana haki, ya ciro waya ya kira edita.

"Ranka ya daɗe, na iso lafiya."

"Ka iso ina?"

"Garin mana. Tafiya ce ba ta wasa ba, duk jikina ciwo yake. Amma ka tanadar min shafi biyu. Abincinsu ya fi namu nesa ba kusa ba, sai dai matansu akwai zafin hannu. Kuma ba su da aiki sai kwaikwayo. Yanzu haka ina gaban wani bene, sak ofishinmu. Har allon da ya karkace, su ma sun karkatar da nasu."

Edita ya ce, "Takalminka ɗaya fa, yana ina?"

"A'a! Wa ya gaya maka?"

"Ɗaga kanka sama."

Ya ɗaga kai. Ga edita a taga, waya a kunne, sauran ma'aikata sun yi cincirindo a bayansa.

Mutumin naku ya saki baki.

"Ranka ya daɗe! Wace motar ka hau ka riga ni isowa?"