Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Bishiya Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka gaji da kallon jan rubutun kuskure a allo, nake sanar da rasuwar kwamfutata, wadda 'yan ofis ke kira Gwaggo. Ta cika ranar Litinin da hantsi a kan teburina, tana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha shayi sau biyu ba da son ranta ba, ba ta kai ƙara ba. Idan aka kunna ta, takan yi "fuuuu" na minti bakwai kafin ta kula kowa.

Jinyarta ta fara ne da binciken digirina kan masu ciki da ke daina zuwa awo. Na sa ta zana bishiyar yanke hukunci, wato zane mai rassa da ke raba mutane rukuni-rukuni. Ranar farko ta ce zanen ya fi ƙarfin shafin. Na faɗaɗa shafi, ta fito da saiwa ba reshe ko ɗaya. Na sake taɓa lissafin, sai ga rassa ɗari huɗu, rubutu ya hau kan rubutu kamar tururuwa. Malamina ya ce in sassabe bishiyar, na ce ai Gwaggo za ta iya. Ta yi kwana uku tana zazzaɓi. Kalamanta na ƙarshe su ne "ƙit, ƙit".

Bayan rasuwarta abokiyar aikina ta duba kwafin fayil ɗin binciken a tata kwamfutar. Ashe ni na rubuta "talatin" da haruffa a layin shekaru, manhajar ta ɗauki duk layin a matsayin sunaye. Da aka gyara, bishiya ta fito tsaf, rassa shida. Gwaggo ba ta da laifi.

Ta bar caja mai ɗaurin salatif, da linzamin kwamfuta mai ido ɗaya, da maɓallin "a" wanda ya daɗe yana zaune a aljihun tebur.

Za a kai ta shagon mai gyara gobe da ƙarfe goma, inda za a ciro bayanan cikinta, a kwantar da ita a ƙarƙashin kanta tare da sa'o'inta. Za a karɓi gaisuwa a ofis. Ana roƙon masu zuwa su taho da kwamfutar aro, domin ranar Alhamis zan kare binciken.