Ranar da Na Kayar da Ammu Khalid

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na kayar da Ammu Khalid, kuma ko na so mantawa surukaina ba za su bari ba.

Ammu Khalid shi ne shugabanmu a siton kargo da nake aiki a unguwar Ras Al Khor ta Dubai. Ɗan asalin Labanon ne da aka haifa a Ostareliya. Ya haura hamsin, wuyansa kamar turmi, hanci ya karkace, in ya yi sujada sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Na shekara guda a ƙarƙashinsa kafin wani direba ya nuna mini bidiyonsa a waya. Ashe ya fi shekara goma yana cin abinci da ragbi, irin na 'yan wasa sha uku-uku da suke kira lig. Aikinsa a fili shi ne ya rungumi ƙwallo ya tunkari ƙarti uku, su taru su danne shi. Har da azumi a bakinsa ya yi haka, sai da gwiwa ta ce ta gaji. Amma ko sau ɗaya bai taɓa ba mu labarin da bakinsa ba.

Ni kuwa sau biyu kacal na shiga kokawa a ƙauyenmu bayan girbi (ɗaya na ci, shi ma santsi ne ya ɗebi abokin karawata), amma babu wanda bai ji labarin ba daga Ras Al Khor har Al Sabkha.

A lokacin ina neman auren Zainab a Kano. Mahaifinta ya ɗora wa yayanta, Yaya Auwalu, mai sayen kaya a nan Dubai, alhakin bincike a kaina. Na ji a bakin Zainab cewa abu ɗaya tsohon ke son sani: shin yaron nan yana da natsuwa? Duk abin da Yaya Auwalu ya faɗa, a kansa za a tsaya.

To, duk Asabar da safe in sanyi ya shigo, Ammu kan tara ma'aikata a wani fili kusa da Muhaisnah ya koya musu wasan. Shi yake kawo ruwa da dabino, har takalma yake saya wa marasa shi. Sai wayona ya ce in gayyaci Yaya Auwalu ya zo ya ga irin surukin da za su samu.

Ammu ya tsaya yana bayanin dokoki, ni kuwa idona na kan Yaya Auwalu ina ta buɗe ƙirji. Abin da kawai ya shiga kunnena shi ne, a kayar da mai ƙwallo. Na ce a raina, wannan ai gida aka zo.

Ana fara wasa sai ga Ammu ɗauke da ƙwallo ya nufo ni kai-tsaye. Na sunkuya, na kama cinyoyinsa, na rufe ido na tura. Sai ji na yi tim, dattijo a ƙasa! A wurinmu kuwa da zarar bayan mutum ya taɓa ƙasa magana ta ƙare. Na zabura na tuɓe riga, na ruga gaban Yaya Auwalu, na ɗebi yashi na watsa sama (eh, har da yashi), na ɗaga hannu ina kirari: “Sai ni ɗan Hajara, mai kwantar da ƙato da rana tsaka!”

Babu wanda ya tafa. Yaya Auwalu ya dube ni, ya dubi bayana, ya ce, “Malam, maza ka juya. Ba a tashi ba fa, an ci ku.”

Na juya. Ashe tun ina cire riga Ammu ya miƙe, ya tura ƙwallon baya da ƙafa kamar yadda doka ta ce, wani siririn ɗan Bangladash ya ɗauka ya bi ta gurbin da na bari, ya je ya dire shi a bayan layinmu. Mutum goma sha biyu na tsaye suna kallona, ni kuma ga tumbi a waje. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa hannuna. Na ce shi ke nan, Zainab ta tafi.

Ammu ne ya tsinto rigata ya kakkaɓe, ya ɗingiso ya miƙo mini. “Habibi, kamun ya yi kyau wallahi,” in ji shi. “Amma a wasan nan kowa na faɗuwa. Ni kullum kayar da ni ake yi, tashin ne aikina.” Sannan ya ja Yaya Auwalu gefe, ya gaya masa ban taɓa makara ba, kuma kayan mutane ba su taɓa ɓata a hannuna ba. Ban roƙe shi ba, ban ma san ya gane ko wane ne baƙon ba. Tun ranar nake ganin girman mutumin nan.

Rahoton da ya isa Kano gajere ne: yaron yana da ƙarfi, yana da amana, natsuwa kuwa sai a hankali. Tsoho ya yi dariya ya ce a sa rana.

Yanzu ko gardama muka yi da Zainab na ga kamar na yi nasara, ba na cire riga. Waigawa nake fara yi, don galibi ba a tashi ba.